Tsatsa ba ƙarfe kaɗai take ci ba

Ƴan uwa manoma da matan gida, a wannan fitowa shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan wata ɓarna wadda kowa ya san ta da ido, amma kaɗan ne suka san tushenta. Hauyar da aka manta a gona ta sha raɓa, sai a iske ta yi tsatsa. Farin goro idan aka ɓare shi aka ajiye, kafin a jima ya rine. Garin hatsin da ya yi kwanaki a ƙwarya yakan sake ƙanshi ya yi ɗaci. Man gujiyar da ya daɗe a rana yakan yi wari, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Abubuwa huɗu ne daban-daban, amma hannu ɗaya ne ya taɓa su. Masana kimiyya suna kiran wannan aiki oksidasiyo. Mu a nan za mu kira shi tsatsa, ko a ƙarfe ta faɗa, ko a mai, ko a jikin mutum.

Sanin wannan al'amari yana da amfani biyu. Na farko, mai sana'ar mai za ta tsirar da jarinta, uwar gida kuma ta tsirar da amfanin ganyen miyarta. Na biyu, zai hana mu zubar da kuɗin guminmu wajen masu tallar ƙwayoyi da garin magani, waɗanda ke cewa kayansu suna wanke jini suna hana tsufa.

Iskar da muke shaƙa

Iska gauraye ce. Kashi 78 cikin 100 nata azot ne, wato sinadarin da ake yin takin ure da shi. Kashi 21 cikin 100 kuma oksijan ne, shi ne abin maganarmu. A shekarun 1770 da 1780 wani masani na ƙasar Faransa mai suna Antuwan Labuwaziye ya yi ta gwaji da ma'auni har ya tabbatar da abu uku. Wuta ba ta ci sai da oksijan. Ƙarfe idan ya haɗu da oksijan nauyinsa ƙaruwa yake yi, domin oksijan ya shige shi ya zauna. Numfashin mutum da na dabba shi ma ƙuna ce, sai dai mai tafiya a hankali, babu harshen wuta babu hayaƙi.

Ke nan itacen da ke ci a murhu, da hauyar da ke tsatsa, da tuwon da jikinmu ke mayarwa ƙarfi, duk dangin juna ne. Babban bambancinsu sauri. Itace yakan ƙone cikin awa guda, hauya takan ɗauki shekaru.

Takalmi ƙafa ɗaya

Don mu gane yadda abin ke faruwa, sai mun sauka zuwa ga abin da ido ba ya gani. Kowane abu a duniya, ƙarfe ne ko mai ko tsoka, an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Waɗannan ƙwayoyi suna riƙe da juna da wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira elektron, waɗanda suka fi son zama biyu-biyu kamar takalmi. Tsatsa ita ce a ƙwace wa ƙwaya elektron ɗinta, oksijan kuwa gwani ne wajen wannan ƙwace.

Wani lokaci zafi, ko hasken rana, ko ɗan ɓurɓushin ƙarfe, yakan sa ƙwaya ta rage da elektron guda marar abokin zama. Irin wannan ƙwaya ita masana ke kira radikal. Mu kwatanta ta da mutumin da ya fito daga masallacin Juma'a ya iske takalminsa ƙafa ɗaya ya ɓata. Maimakon ya yi haƙuri, sai ya ɗauki na maƙwabcinsa. Shi kuma maƙwabcin da ya ga haka, sai ya ɗauki na wani. Takalmi ɗaya ne ya ɓata tun farko, amma ga mutum ɗari cikin rigima. Haka radikal guda yake yi cikin kwalbar mai. Yana ƙwace, wanda aka ƙwace wa ya zama radikal, oksijan yana ƙara iza wutar, har ƙwayoyin man su kakkarye. Gutsattsarin da suka karye su ne hanci ke ji wari, harshe ya ji ɗaci.

Rigimar ba ta tsayawa sai an samu dattijon da zai cire nasa takalmin ya bayar, ya yarda ya tafi gida haka nan ba tare da ya taɓa na kowa ba. Akwai sinadarai masu irin wannan hali. Masana suna ce musu antioksidan, mu kuma za mu ce masu tare tsatsa. Amma yawansu yana da iyaka. Shi ya sa mai yakan yi makonni lafiya lau, sa'an nan ya lalace cikin ɗan lokaci: masu tarewar ne suka ƙare, tsatsa ta samu fili.

Garkuwar tsirrai

Mutum idan rana ta yi zafi yakan nemi inuwa. Tsiro ba shi da wannan dama, tun safe har maraice yana tsaye cikin rana. Don haka Allah ya hore masa sinadaran da yake kare kansa da su daga rana da ƙwari da cuta. Da yawa daga cikinsu masu tare tsatsa ne, kuma launi da ɗanɗano suna nuna mana inda suke. Ga manyan gidajensu huɗu.

Bitamin C. Yana cikin lemun tsami, lemun zaƙi, gwaba, ɗanyen tumatir, ɗanyen tattasai da ɗanyen ganye. Farin garin da ke cikin ƴaƴan kuka yana da shi sosai: idan aka auna nauyi ɗaya, ya ninka lemun zaƙi sau da dama.

Bitamin E. Mazauninsa mai ne, kamar na gujiya, na riɗi da man kaɗe. Shi ne mai gadin man tun yana cikin ƙwayar iri. Riɗi yana da wasu masu gadi na ƙari, shi ya sa mansa yake daɗewa bai yi wari ba.

Karoten. Shi ne launin da muke gani a nunannen mangwaro, karoti, kabewa, gwanda, manja da dankali mai jan ciki. Yana nan kuma a ɓoye cikin koren ganye, kamar zogale, alayyafo, lalo da ganyen kuka. Jiki yana mayar da shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma raunana yaro a gaban ƙyanda da zawo.

Folifenol. Wannan babban gida ne mai dubban ƴaƴa. Daga cikinsu akwai jan yakuwar da ake jiƙawa a sha, da launin albasar Galmi, da jar fatar gujiya, da jar dawa, da baurin goro da na shayi, har da abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita.

Rinewar goro ma daga nan take. A cikin goron akwai wani ma'aikacin sinadari da ake kira anzim, wanda aikinsa gaggauta haɗuwar abubuwa. Da zarar an ɓare goro iska ta shiga, sai anzim ɗin ya haɗa oksijan da folifenol, launi ya fito. Haka yalo da dankali suke yi idan an yanka su. Idan aka ɗiga ruwan lemun tsami a wurin yankan, rinewar takan jinkirta. Kowa yana iya gwada wannan a gida ya gani da idonsa.

Hatsi da gujiya

Me ya sa damin hatsi yake shekara a rumbu, har fiye, amma garinsa yakan yi ɗaci cikin ƴan kwanaki? Ƙwayar hatsi tana da mai kamar kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na nauyinta, ya fi na dawa yawa. Muddin ƙwayar tana rufe cikin fatarta, mai yana gefe, anzim yana gefe, iska tana waje. Daka ko niƙa shi ke haɗa su wuri ɗaya. Anzim ya sassare man, oksijan ya ƙarasa aikin. Ashe iyayenmu mata da ke dakan abin da za a ci a ranar suna kan daidai. Wanda ke kai niƙa inji, ya kai abin da gidansa zai cinye cikin kwana biyu ko uku, musamman lokacin bazara. Masu haɗa garin kunun yara na ajiya kuwa, su fara soya hatsin sama-sama kafin niƙa, domin zafi yana kashe ƙarfin anzim ɗin. Su bar garin ya huce, su rufe shi ruf.

Gujiya kusan rabin nauyinta mai ne. Ɓawonta da jar fatarta su ne gidanta, shi ya sa gujiyar da ba a ɓare ba ta fi daɗewa, ko ta ci ce ko ta iri. Kada a ɓare sai buƙata ta zo. Gujiyar da ta yi fumfuna kuwa matsalarta daban ce. Fumfunar tana iya ɗauke da guba mai suna aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. A tsince irin wannan a zubar, kada a ba yara, kada a ba dabbobi.

Idan an fitar da man, abokan gabansa biyar ne: iska, haske, zafi, ƙarfe da ruwa. Masana sun lura cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, saboda haka man da ke tsaye a rana cikin farar kwalba yana tsakiyar abokan gabansa ne. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Bayan matsa, a ɗora man a wuta kaɗan-kaɗan har ruwan da ke ciki ya ƙone, amma kada a bari ya yi hayaƙi.

2. A bari ya kwanta, a tace shi da tsumma mai tsabta. Laka da ɓurɓushin tunkuza suna gaggauta lalacewa.

3. A zuba shi cikin busasshiyar kwalba ko jarka wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki ba. A cika ta har wuya a toshe. Jarkar da take rabi, rabinta na sama iska ce.

4. A guji gwangwani mai tsatsa da ludayin ƙarfe mai tsatsa, da duk wani abu na jan ƙarfe.

5. Kada a zuba sabon mai a kan ragowar tsoho. Tsohon ya riga ya kamu, zai shafa wa sabon.

6. A kasuwa a fito da kwalba ɗaya ko biyu don talla, sauran su zauna a inuwa a lulluɓe. Wannan ya shafi har man masana'anta da aka ƙara wa bitamin A, domin haske yana cinye bitamin ɗin.

Masu suyar ƙosai da fanke su ma su kula. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi da wuri, tsatsa ta gama da shi. Bai dace da cikin mutum ba, sai dai a yi sabulu da shi.

Ganyen miya

Abin da ke kare ganye yana raye, shi ne amfanin da muke nema a cikinsa. Amma da zarar an tsinke ganye, rana da iska suna fara cinye wannan amfani. Ganyen zogale ko na kuka da aka shanya a tsakiyar rana yakan koɗe, karoten ɗinsa mai yawa ya tafi tare da launin. A wanke ganye, a baza shi a tabarma mai tsabta cikin inuwa inda iska ke kaɗawa. Ganyen da ya bushe yana kore ya fi wanda ya koma ruwan ƙasa amfani. A ajiye shi a rufe inda ba haske, a riƙa daka kaɗan-kaɗan, domin gari ya fi ganye saurin shan iska.

Bitamin C ya fi duka rauni. Shanya tana rage shi ƙwarai, doguwar dahuwa tana kashe shi, kanwa ma tana kashe shi, yana kuma narkewa ya bi ruwan da aka tsiyaye. Don haka ɗanyen ganye a sa shi daga ƙarshe, da ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a rage kanwa. Lemun tsami da garin ƴaƴan kuka a sa su bayan an sauke abinci ya ɗan huce. Tumatir da albasa na kwaɗo a yanka su lokacin da za a ci.

Karoten kuma ba ya shiga jini da kyau sai da mai. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gujiya haɗi ne mai kyau ƙwarai, kuma ya kamata yara su samu rabonsu. Manja kuwa kada a soya shi har jansa ya tafi, domin jan shi ne amfanin.

Akwai inda sai an yi hattara. Baurin shayi yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda jiki ke yin jini da shi, ya hana shi shiga jiki. Bitamin C kuwa taimaka masa yake yi ya shiga. Mai ciki, da mai jego, da duk mai ƙarancin jini, su bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi, kada kuma su haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shayi.

A cikin jikinmu

Tun da numfashi ƙuna ce, dole ta yi tartsatsi. Duk lokacin da jiki ke ƙona abinci da oksijan, ƴan radikal kaɗan suna kuɓucewa. Hayaƙin taba yana ƙara su ƙwarai, haka ma hayaƙin murhu a ɗakin da ba taga, da giya. Idan suka yi yawa suna taɓa kitsen jini, da bangon jijiyoyi, da ƙwayoyin gado na jiki. A 1956 wani likitan Amurka mai suna Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna ce ke jawo tsufa. Binciken da ya biyo baya ya nuna tsufa yana da dalilai da yawa, wannan ɗaya ne daga cikinsu.

Jiki yana da masu gadinsa waɗanda shi da kansa yake ƙerawa. A 1969 wasu masana biyu a Amurka suka gano wani anzim a cikin jinin shanu, wanda aikinsa kashe kaifin radikal na oksijan, kuma akwai irinsa a jikin mutum. Wanda ya taɓa ganin an zuba ruwan wankin ciwo mai kumfa a gidan likita, ya ga aikin wani mai gadin: anzim ne na cikin jini yake farfasa ruwan nan take, oksijan ya fito ya zama kumfa. Waɗannan masu gadi da abinci ake gina su, irin su wake, gujiya, madara, ƙwai, kifi da nama.

Wani abin lura kuma, jiki yana amfani da radikal da gangan. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jikinmu, da shi suke kashe ƙwayoyin cuta. Kamar wuta yake: a murhu tana dafa tuwo, a danni tana cinye gida. Abin da jiki ke so shi ne daidaito.

Labarin ƙwayoyi

Likitoci sun daɗe da lura cewa mutanen da ke yawan cin ganye da ƴaƴan itace sun fi tsira daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai aka yi tunanin cewa idan aka ware sinadarin aka cusa shi da yawa cikin ƙwaya, amfanin zai ƙaru. Aka gwada a kan dubban mutane.

A ƙasar Finlan an bi maza masu shan taba fiye da dubu 29 na tsawon shekaru. Sakamakon ya fito a 1994: waɗanda aka ba ƙwayar karoten sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka wani gwaji mai mutum fiye da dubu 18, da aka ba karoten haɗe da bitamin A, an tsayar da shi a 1996 tun kafin lokacinsa, domin ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100. A 2011 wani gwajin mai maza fiye da dubu 35 ya nuna cewa ƙwayar bitamin E mai ƙarfi ta ƙara ciwon dajin prostat, wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100.

Darasin a fili yake. Mangwaro guda yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, kowanne kaɗan, tare da ruwa da dusar da ke gyara hanji. Ƙwaya tana ɗauke da abu ɗaya mai yawan da jiki bai saba da shi ba. Gishiri ke gyara miya, amma wanda ya juye tiya guda a tukunya ya san sauran.

Saboda haka duk mai tallar da ya ce garinsa ko ƙwayarsa tana warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon daji, don tana da antioksidan, a riƙe kuɗi a aljihu. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin maganin likita. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya bar maganinsa ya koma ga garin kasuwa yana wasa da ransa.

A kula, wannan magana ba ta shafi ƙwayar bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 ba, haka ma ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wajen awo. Waɗannan ana ba da su ne don cike giɓi na gaskiya, bisa awon da likitoci suka tsara, kuma suna ceton rayuka. A karɓe su hannu biyu.

Abin da ke hannunmu

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace kowace rana, ban da rogo da dankali. Mun san ba kowane gida ke iya cika wannan ba, balle lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma zogale biyu ko uku a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke zuba, da ɗan fegin noman rani, da kukar da aka bari a gona ba a sare ba, da ganyen da aka shanya a inuwa tun kaka, suna rage giɓin ƙwarai. A riƙa sauya launi a kwano, yau kore, gobe ja, jibi ruwan ɗorawa. A bar taba, a buɗe wa hayaƙin murhu hanya.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su yi gwajin goro da lemun tsami a aji. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa mai sana'ar mai ta unguwarsu. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.